Na Ce Musu Satumba

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Dogo ya sake turo saƙon murya, dogo kamar mai shi. Abokina ne tun muna kwalejin horar da malamai. Shekara biyu ke nan yana koyar da Turanci a ƙasar waje, kuma tun da ya sa ƙafa can ya koma mai wa'azi. Wa'azin nasa ɗaya ne, in fara neman aiki yanzu. Ya ce makarantun can ba irin tamu ba ne da ake ɗaukar malami ran Juma'a ya shiga aji ran Litinin. Su tun Janairu suke ɗaukar waɗanda za su fara a Satumba. Kafin Maris ya fita guraben kirki sun ƙare, sai ragowar da kowa ya shinshina ya ajiye.

"Matsalarka kai malami ne," in ji shi. "Komai sai ka ce bayan jarrabawa. Da bayan jarrabawar nan furfura ta fito maka a gemu."

Ba jarrabawa nake jira ba, shi ma ya sani.

Laraba, lokacin hutun tara, ɗakin malamai

Kafin hutun ƙarshen shekara likita ya kira ni da Yaya ofishinsa, ya tura ƙofa, ya juyo mana da allon kwamfutarsa. Ya nuna wani wuri a hoton cikin Baba da bakin biro. Ya faɗi adadin watanni. Ba zan rubuta adadin ba. Ya ce akwai wani sabon magani da za a gwada, amma kada mu ɗora masa rai. Yaya ta ce kada wanda ya gaya wa Baba komai, na ce to.

Ɗazu ina gyaran insha'in 'yan aji shida, jan biro a hannu, sai na tsinci ɗaya hannun a ƙarƙashin tebur yana lissafi da yatsu. Fabrairu, Maris, Afrilu. Da na gane abin da yake lissafawa sai na ɗaga cinya na danne shi. Malamin lissafi ya ɗago ya ce lafiya, na ce sauro ne.

Alhamis, da yamma

Na buɗe kwamfuta. Na rufe.

Asabar, da hantsi

Yaya ta zo kamar kowace Asabar, da kular abinci da faɗa. Ta canza wa Baba zanen gado, ta ce ban iya shanya ba, ta ce ɗakin yana warin mazan da ba su da mata. Baba yana kwance yana ta dariya, ya ce, "Ƙyale mini Malam Auta, shi Turanci aka koya masa, ba wanki ba."

Haka yake kirana tun ranar da na karɓi takardar koyarwa. Shi kafinta ne, har ƙarfi ya ƙare bai taɓa zama a aji ba, amma rabin bencinan makarantun unguwar nan hannunsa ne. Ɗakin da nake kwana ma shi ya yanka mini daga nasa da falankin katako, lokacin da na fara girma na ce ina son sirri. Sirrin da ko juyi na yi a katifa sai ya ce mini sannu.

A madafa na ɗan taɓa wa Yaya maganar Dogo. Ban ce ina so ba, na ce dai ga abin da Dogo ya ce. Ta ajiye cokali ta dube ni.

"Yanzu?"

"Ba yanzu ake tafiya ba, Yaya. Yanzu ake nema. Tafiyar sai Satumba."

"Satumba," ta maimaita. Na ga leɓenta yana motsi, ita ma lissafin take yi. Da ta kai ƙarshensa sai idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Auta, ka ji tsoron Allah." Ta juya ta ci gaba da wanke-wanke, ta bar ni tsaye da tawul a kafaɗa.

Lahadi, bayan azahar

Ina so in tafi. Bari in rubuta shi sau ɗaya ba tare da kwana-kwana ba. Ina so ƙwarai, kuma tun kafin Baba ya kwanta nake so. Shekarata sha ɗaya a aji ɗaya, a ƙarƙashin fanka ɗaya da ba ta taɓa juyawa ba. Yaran da na koya wa rubuta wasiƙar neman aiki sun samu aikin, wasu har sun kawo mini 'ya'yansu. Na kusa arba'in. Dogo ya ce bana in ta wuce sai baɗi, kuma na san kaina, baɗi ma zan samo dalili.

To amma in na nema yanzu, me nake cewa ke nan game da Satumba? Wa zai kasance a ɗakin can, wa ba zai kasance ba?

Na zagaye tsakar gida har Baba ya ɗaga murya ya ce ko kaza ce ke neman wurin ƙwai.

Talata, ƙarfe shida na safe

Na tura takardun neman aikin. Makarantu uku. Ban gaya wa kowa ba sai Dogo, shi kuma ya turo mini hoton kansa yana tafi.

Talata, da yamma

Nema kawai na yi. Nema ba samu ba ne. Mutane nawa ke nema a yi musu shiru.

Juma'a, bayan tashi daga makaranta

Na je ofishin 'yan sanda neman takardar shaidar cewa ban taɓa aikata laifi ba, don Dogo ya ce ita da fasfo su ke cin lokaci. Na yi layi a wani dogon baranda mai warin tsohuwar takarda. Da aka zo kaina jami'in ya dangwala yatsuna a tawada ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni yaushe ne tafiyar. Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce to in sani, don takardar wata shida kawai take aiki, wanda ya karɓa da wuri sai ya sake dawowa layi. Na ce a dai yi.

Kowa yaushe, yaushe. Tawadar ta ƙi fita, da ita na ba Baba maganinsa. Ya kama hannuna ya juya shi ya ce, "Malam Auta, sata ka fara?" Na ce allo muka yi wa fenti. Ya ce lallai allon nan yana da tsari, kowane yatsa daidai gaɓar farko.

Litinin, da safe

Shiru. Alhamdu lillahi.

Litinin, da azahar

Me ya sa na duba waya sau ba adadi in da gaske nake alhamdu lillahin?

Laraba, ƙarfe biyar

Ɗaya ta amsa. Shugabar makarantar da kanta ta rubuto. Tana so mu yi magana ta bidiyo ran Asabar da la'asar, in koyar da darasi na minti ashirin kamar akwai yara a gabana, sannan ta yi mini tambayoyi. Na karanta saƙon a tsaye a bakin aji, na sake karantawa. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, an yi maka albishir ne?" Na ce ta buɗe shafi na arba'in.

Asabar ranar Yaya ce. Na kira ta na ce ta huta wannan makon, ni zan yi komai. Ta ce tun yaushe na iya komai. Amma ta yarda, don autarta tana haƙori.

Asabar, bayan magariba

An yi.

Na ba Baba maganin la'asar, wanda ke sa shi barci mai nauyi, na jira har numfashinsa ya daidaita. Na sa farar riga da taye a sama, a ƙasa wandon barci. Na ja tebur na jingina da falankin, don can ne kawai haske yake da kyau. Na yi wa kaina alkawari zan yi magana ƙasa-ƙasa.

Na fara ƙasa-ƙasan kuwa. Amma malami malami ne. Ina shiga darasin na manta da ɗaki, na ga aji. Muryar da na saba jefawa har layin baya, ta tsallake kan yara hamsin da hayaniyar titi, ita ta fito da kanta. Na tashi tsaye, na yi tambaya na ba kaina amsa, har tafi na yi wa yaron da babu shi. Shugabar, wata dattijuwa mai tabarau a goshi, ta yi ta murmushi. Ta ce ta daɗe ba ta ga malamin da ke cika ɗaki haka ba. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Sai ta duba takardarta ta ce, "Yaushe za ka iya fara aiki?"

Ban yi ko tari ba. Na ce Satumba.

"Babu wani abin da zai riƙe ka a gida? Iyali, ko wata hidima?"

Na ce zuwa Satumba babu. Layin ya ɗan katse, ta ce ba ta ji ba, na maimaita mata da muryar layin baya. Zuwa Satumba babu.

Da na kashe kwamfutar sai na ji gidan ya yi tsit. Babu munshari. Na leƙa, Baba yana kwance ya ba ƙofa baya. Ba ya jin Turanci. Na faɗa wa kaina haka sau uku ina cire taye. Amma sunan wata ai kowa ya san shi.

Lahadi, da safe

Baba bai ta da maganar ba. Ya sha shayinsa, ya ce sukari ya yi kaɗan. Barci yake yi jiya, tabbas.

Talata, da yamma

Na dawo na tarar da akwatin kayan aikinsa a tsakar ɗaki, a buɗe. Ya sa maƙwabcinmu mai walda ya jawo masa shi daga ƙarƙashin gado. Zarto, guduma, tef ɗin awo, har da gwangwanin tsofaffin ƙusoshin da ya hana mu taɓawa tun muna yara. Ya raba su kashi-kashi. Ya ce wannan na wane ne, wannan na wane, tsofaffin yaran shagonsa da yanzu duk sun zama masu gida.

Na ce, "Baba, saurin me ake yi?"

Ya ce, "Ba sauri ba ne. Mai aiki ba ya barin wuri a hargitse."

Na shiga ɗakina na zauna a bakin katifa.

Alhamis, da hantsi

Yau takalmansa ne. Ya ce a kai wa mai gadin masallaci.

Asabar, da yamma

Yaya ta lura. Ta ja ni waje ta ce wa ya gaya masa maganar likita. Na rantse ban gaya masa ba, kuma ban yi ƙarya ba. Ta ce to me ya sa yake rabon kaya kamar mai shirin hawa mota. Na ce tsufa ne. Ta ƙura mini ido har sai da na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Litinin za a sake ɗaukar hoton, a ga abin da sabon maganin ya yi.

Litinin, a bencin asibiti

Mun yi awa da awanni. Baba ya shafa bencin da tafin hannu ya ce wanda ya yi shi bai san aikinsa ba, ƙusa ya sa inda ya kamata ya sa gam. An ɗauki hoton. Sakamako sai Alhamis.

Laraba, ƙarfe goma

Sun ba ni aikin. Da gidan zama, da kuɗin jirgi. Suna son amsa kafin ƙarshen mako mai zuwa, don akwai wasu a layi.

Na shiga banɗakin malamai na kulle. Ban san ko dariya na yi ko kuka ba, na dai wanke fuska na koma aji.

Alhamis, bayan la'asar

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Likita ya kira mu mu uku, wannan karon har da Baba, kuma bai tura ƙofa ba. Ya jera hoton da da na yanzu. Ya ce shi kansa bai zaci haka ba. Abin ya ja baya sosai. Bai warke ba, ba kuma zai warke ba, za a ci gaba da magani da jinya da zuwa asibiti. Amma maganar watanni a ajiye ta. Ya ce yanzu shekaru yake gani, in Allah ya so.

Yaya ta zube a ƙasan ofis tana kuka tana godiya. Ni ma na ce alhamdu lillahi, da ƙarfi ma. Amma kafin bakina ya faɗa, wani abu ya riga shi a ƙirjina. Bai daɗe ba, ƙiftawar ido ne. Abin ya ce, to Satumba fa?

Ubana aka ce zai rayu, wannan ne abin da ya fara zo mini. Na tsani kaina yau kamar yadda ban taɓa tsanar wani ba.

A tasi Yaya tana gaba tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. Ni da Baba muna baya. Yana kallon titi ta taga, sai ya dafa gwiwata, bai juyo ba, ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Malam Auta. Na ɓata maka lissafi."

Ya yi 'yar dariya.

Juma'a

Ban je makaranta ba. Na ce musu zazzaɓi.

Lahadi, da yamma

Na rubuta wa shugabar amsa. Na gode mata, na ce wani uzuri ya taso a gida, ba bana ba. Na gyara jimlolin har sun yi kyau, ko waƙafi ɗaya babu a inda bai dace ba. Ban tura ba tukuna. Gobe.

Dogo ya kira, ban ɗauka ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na wanke labulen da Yaya ta wanke jiya.

Litinin, da safe

Gobe.

Talata, da hantsi

Ba ni da darasi sai azahar, na tsaya na yi wa Baba aski. Ya zauna a kujera a bakin ƙofa, tawul a wuya, na shafa masa kumfa. Na ga shi ne lokacin da ya fi, tunda ba sai mun haɗa ido ba. Na ce, "Baba, akwai wani aiki da na nema a waje. Sun ba ni. Zan ce musu a'a."

"Na Satumba?"

Rezar ta tsaya a hannuna.

"Ni na kafa katakon nan," in ji shi. "Na san kaurinsa. Kai kuma in ka fara koyarwa har mai shagon bakin titi yana ƙaruwa. Turancin ban ji ba, amma watan na ji, sau uku. Kuma tun ranar da likita ya kira ku ya bar ni a benci na san akwai lissafi. Yayarka tana fitowa da jan ido ta ce mini ƙura ce."

Na ce ya yafe mini. Muryar layin bayan nan ta ƙi fitowa, da ƙyar ni kaina na ji ta.

"Me ka yi? Mutum ya auna katako ya ga zai isa, sai katakon ya fi awon tsawo. Laifin wa?" Ya goge kumfar da ta shiga masa baki. "Ka ce musu e."

"Ba zan tafi in bar ka a kwance ba."

"To ka zauna ka yi me? Saurara, Auta." Rabon da ya kira ni Auta ba Malam har na manta. "Kullum da safe kana leƙo ɗakina kafin ka tafi aiki. Da can na san me kake dubawa, tsoro ne ke kawo ka. Yanzu in ka ƙi aikin nan saboda ni, duk safiyar da ka leƙo zan dubi fuskarka in rasa wanne kake fata. Kai ma ba za ka sani ba. Wata biyar zan iya jure wannan. Shekara biyar ba zan iya ba."

Na ce wallahi ba haka ba ne.

"Na san kana sona, ba shi nake tambaya ba. Na yi magana da mijin yayarka tun jiya, za su gyara mini ɗakin baƙi. Jikokina suna da hayaniya, amma in sun shigo alewa suke nema, ba numfashina suke dubawa ba."

"Yaya ta sani?"

"Za ta sani. Za ta wanke ka tas, ka tsaya ka sha, haƙƙinta ne, don ita za a bar wa wahala. Ka kuma riƙa kiranta, ba sai ta kira ka ba." Ya ɗaga haɓa. "Ƙarasa mini, kumfar tana bushewa."

Na ƙarasa. Na ɗan yanke shi a ƙasan kunne.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na goge waccan amsar mai kyan jimloli. Na rubuta layi biyu, na ce na karɓa, na tura.

Na sa takalmi, na ɗauki jaka. Na zo daidai ƙofar Baba, hannuna ya kai kan labule kamar kullum, sai na tsaya. Ban san yadda zan leƙa ba, ban san yadda zan wuce ba. Ina nan tsaye ya yi gyaran murya daga ciki.

"Ina nan," ya ce. "Wuce, za ka makara."